Fatsa da Koton Ƙarfe Lokacin Bazara: Hanyar Kama Babban Kifi a Bar Ƙanana Su Girma

 Ga bazara ta kankama. An gama sussuka tuntuni, an yi sharar gona, an kai taki, yanzu kowa ya zuba ido gabas yana jiran hadari. A irin wannan lokaci ne rumbu ya kan fara nuna ƙasa, nama kuma ya yi tsada, miya ta koma kuka da daddawa kawai. Mu kuwa da mu ke zaune daga Kwanar Dangora zuwa Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, muna da abin da mutane da yawa ba su da shi, watau babban ruwa kusa da gida. Saboda haka a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wata hanyar kamun kifi wadda manomi zai iya koya ba tare da ya zama masunci ba, wadda kuma ba ta ɓata ruwa.

Abin da ya sa mu ka ɗauko maganar

An gina madatsar ruwan Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin da Audu Bako ya ke gwamnan Jihar Kano. Idan tafkin ya cika ya kan rufe fili wajen murabba'in kilomita 178. Daga nan ne a ke sakin ruwa ta babbar hanya zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura. Domin haka tun daga kaka ruwan ya ke ta raguwa, har ya kai ƙarshen janyewarsa dab da faɗuwar damina. Haka ƙananan tafkuna da kududdufai na ƙauyukanmu su ke yi.

Sa'ad da ruwa ya janye, kifi ya kan taru wuri ɗaya. Nan ne gwaji ya ke zuwa. Wani sai ya ja taru mai ƙananan idanu ya kwashe kome, har da 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Wani ya ɗaura gidan sauro ya mai da shi koma. Mafi muni, wani ya zuba magimfa ko maganin ƙwari a kududdufi, kifi ya taso ya mutu, babba da ƙarami, har da kwaɗi da sauran abin da kifi ke ci. Dattawanmu sun san maganin nan da a ke kira Gamalin 20. Gubar da ke cikinsa tana daɗewa a ruwa da jikin mai rai, har ƙasashen duniya su ka sa ta cikin jerin magungunan da za a daina a 2009. Wanda ya ci kifin guba ya ci guba, shanun da su ka sha ruwan ma haka. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamun kifi da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai dai a irin su na musamman da dokar ta ware.

Amma ba ya isa a ce wa mai jin yunwa "bari" kawai. Tilas a nuna masa abin da zai yi maimakon wancan. Kifi guda ɗaya mai kilo uku ya fi kwano cike da 'yan mitsi-mitsi nama, ya fi shi kuɗi a kasuwa, ba ya kuma cinye kifin baɗi. Tambayar ita ce, ƙaƙa mutum zai zaɓi babba ya bar ƙanana? Raga ba ta zaɓe sosai, guba ba ta zaɓe ko kaɗan. Ƙugiya babba kuwa tana zaɓe.

Dabarar da mu ka aro

A Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da su ke kira bas. Mafarauci ne, ƙananan kifaye ya ke ci. Mutanen can suna son kama shi ƙwarai, har wanda wani manomi mai suna George Perry ya kama a Jihar Jojiya a 1932, mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, ana tunawa da shi har yau. Cikin dabarun da su ka ƙirƙiro domin wannan kifi akwai wani koto na ƙarfe da su ke kira sifinabet, ma'ana koto mai juyawa. Ba a sa masa tana, ba a sa masa gara ko tuwo. Ƙarfe ne kawai mai walƙiya, a jefa shi a jawo, kifi ya zaci ɗan kifi ne ke gudu, ya kai masa cafka.

Mu ba mu da bas a ruwayenmu, amma muna da waɗanda su ka fi shi. Akwai giwan ruwa, wanda ya kan kai kusan mita 2, nauyinsa kuma har kilo 200 a manyan ruwaye. Shi ne a kan fito da shi a ci gasa a bikin su na Argungu, wanda a ka fara tun 1934. Akwai tsage mai haƙora kamar ƙusoshi. Akwai kuma ragon ruwa, wanda ya fi farauta da duhu kusa da ƙasa. Dukansu masu cin 'yan'uwansu ne, abin da ya ruɗi bas kuwa ya kan ruɗe su, musamman giwan ruwa da tsage.

Mu faɗi gaskiya tun da wuri. Wannan koto ba domin karfasa ba ne, gama ita gansakuka da ciyayi ta fi ci. Tarwaɗa ma ta fi bin wari, sai jefi-jefi ta ke kama ƙarfe. Ba kuma zai maye wa masunci kalli da birgi ba. Abu ne na manomin da ke da sa'a biyu da asuba ko da yamma, yana neman na miya, in Allah ya sa ya sami na sayarwa.

Yadda koton ya ke

Ku ɗauki siffar gwafa, ko almakashi da a ka buɗe. Waya ce guda a ka lanƙwasa ta yi hannu biyu. A kusurwar da su ka haɗu a ke ɗaura zare. Hannu na ƙasa yana ɗauke da nauyi da ƙugiya, bakin ƙugiyar yana duban sama, an rufe ta da geza. Hannu na sama yana ɗauke da ɗan faifan ƙarfe mai kama da cokali, wanda ke juyawa sa'ad da a ke jan koton cikin ruwa.

Kowane ɓangare da aikinsa. Faifan yana walƙiya kamar cikin ɗan kifi, yana kuma kaɗa ruwa. Idan kun duba gefen kifi za ku ga wani layi daga kai zuwa wutsiya. Da wannan layi ne kifi ya ke jin motsin ruwa, ko da bai ga kome ba. Shi ya sa koton ya ke aiki har cikin ruwa mai laka. Gezar ita ce kifi ya ke ɗauka jikin abincin ne, nan ya ke kai baki, ƙugiya kuwa tana ciki. Hannun sama kuma yana kāre bakin ƙugiya, sai koton ya bi ta cikin rassa da ciyawa bai cika maƙalewa ba. Wannan shi ne babban amfaninsa a Tiga, gama sa'ad da tafkin ya cika ya haɗiye itatuwa da gonaki, kututturansu kuwa su ne maɓoyar manyan kifi, su ne kuma ke yayyaga raga.

Yadda za a ƙera shi a gida

Na kanti yana da tsada, ba kuma ko'ina a ke samunsa ba. Maƙerin garinku zai iya yin wanda zai yi aiki. Ga abin da a ke bukata:

1. Wayar ƙafar keke guda, a lanƙwasa ta a tsakiya, a yi ɗan zobe a kusurwa.
2. Tsohon cokalin shayi wanda ba ya tsatsa. A yanke mariƙin, a huda kan cokalin, a goge shi da toka har ya yi ƙyalli.
3. Ɗan ƙarfen nan mai juyawa da masu sayar da kayan su ke sayarwa, domin haɗa cokalin da waya. In ba shi, zare zai murɗe, cokalin kuma ba zai juya daidai ba.
4. Ƙugiya babba mai ƙarfi, wadda buɗin bakinta ya kai faɗin babban yatsa.
5. Notin ƙarfe domin nauyi, a zura shi a waya dab da ƙugiya, a ɗaure tam da siririyar waya.
6. Geza ta farin gashin kaza, ko zaren buhu, ko tsohon tib na keke da a ka tsattsaga siri-siri.

Muna roƙonku kada ku fasa tsohon batir ku narka dalmarsa a gida domin yin nauyi. Dalma guba ce, yara kuwa ta fi yi wa lahani. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Notin ƙarfe ya isa.

Faifai iri biyu ne. Akwai mai faɗi, kewayayye kamar ganyen magarya. Shi ya fi kaɗa ruwa, yana juyawa ko an ja shi a hankali, ya dace da ruwa mai laka da lokacin duhu. Akwai dogo siriri kamar ganyen turare. Shi ya fi walƙiya, ya fi nitsewa, ya dace da ruwa mai haske. In kuna da hali ku yi biyun. Cikin ruwa garau farin ƙarfe ya fi, cikin ruwa ja kuwa jan ƙarfe ko tagulla.

Kada a manta da wannan: tsakanin zare da koto a sa waya tsawon taƙi ɗaya ko biyu. Sili ɗaya ko biyu daga igiyar birkin keke sun isa. Mu da kanmu mun koyi wannan da hasara. Ran da mu ka fara gwadawa mun ɗaura koton kai tsaye a zaren roba. Mu ka ji fizga ɗaya mai ƙarfi, sai zare ya dawo sakayau, an yanke shi kamar da reza. Aikin tsage ke nan. Aikin maƙeri na yini guda ya tafi.

Ba lalle sai da sandar Turawa mai ƙarƙaro ba. A naɗe zaren roba mai kauri, wajen gaba talatin, a jikin gwangwani ko kwalba mai santsi. A riƙe gwangwanin da hagu, bakinsa yana duban ruwa, a wulwula koton da dama a sake shi, zaren zai warware da kansa. Sa'an nan a riƙa jawowa ana naɗewa. A ɗaura tsumma ko guntun tib a yatsu, gama babban kifi in ya ja, zaren roba ya kan yanka hannu har ƙashi.

Inda kifi ya ke da bazara

Wanda ya san halin ruwa da zafi ya riga ya yi rabin aikin. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, kifi kuwa da iskar cikin ruwa ya ke numfashi. Da tsakar rana a watan Afrilu bakin gaɓa ya kan yi zafi, manyan kifi su janye. Amma kada ku zaci can ƙurya su ke tafiya. A tafki mai zurfi, ruwan sama mai ɗumi ya kan zauna bisa na ƙasa mai sanyi ba su garwaya ba, na ƙasan kuma iskarsa ta ƙare saboda ruɓar ganye da laka. Giwan ruwa ba ya jimre ƙarancin iska kamar tarwaɗa. Saboda haka ya kan tsaya tsaka-tsaki, inda akwai inuwa da ɗan sanyi da iska.

Ku nemi irin waɗannan wurare: gindin matattun itatuwa da ke tsaye cikin ruwa, gefen duwatsu da su ka gangara cikin zurfi, tsohuwar hanyar rafi da tafki ya rufe, inda ƙasa ta ke zurmawa farat ɗaya, bakin ciyawa, da gaɓar da iska ke bugawa, gama can a ke tura abincin ƙananan kifi, manya kuma su biyo su. In kun ga 'yan kifi suna tsalle suna watsewa a saman ruwa, wani abu ne ya koro su. Ku jefa can nan da nan.

Lokaci mafi kyau shi ne daga ketowar alfijir zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru. A waɗannan sa'o'i mafarautan su kan matso gaɓa. Ranar da gari ya yi lumshi, ko iska ta ɗan kaɗa fuskar ruwa, ta fi ranar da ruwa ya kwanta kamar madubi.

Yadda a ke ja

Ku jefa koton ya wuce wurin da ku ke zato, sa'an nan ku jawo shi ya ratsa ta gefensa. Da asuba, sa'ad da kifi ke sama, ku fara ja da zarar ya faɗa. In rana ta ɗaga, ku bar shi ya nitse tukuna kuna ƙirgawa. Wannan jifa ku ƙirga biyar, na gaba goma, na gaba goma sha biyar, har ku gane zurfin da kifi ya ke. In kun sami cafka, ku riƙe wannan ƙirga.

Kuskuren sabon hannu shi ne gaggawa. Ku ja a hankali, daidai yadda za ku riƙa jin bugun faifan a yatsunku. In bugun ya tsaya, ko ciyawa ce ta naɗe, ko kuwa kifi ne ya ɗauka ya nufo ku. Ku fizga dai. In koton ya taɓa kututture kada ku tsorata, ku ɗan dakata ya faɗi kaɗan, sa'an nan ku ci gaba. Sau da yawa a daidai nan ne kifi ya ke kai hari, gama ya ga kamar ɗan kifi ne ya yi tuntuɓe. Kada ku daɗe wuri ɗaya. In kun yi jifa goma ba labari, ku matsa gaba.

In babba ya kama, kada ku yi kokawa da shi, kada kuma ku naɗa zare a wuyan hannu. Kifi a ruwa sarki ne. Ku bar shi ya ja, ku kuma ku jawo in ya sassauta, amma kada zaren ya yi sako-sako, gama giwan ruwa ya kan yi tsalle ya girgiza kai ya tofar da ƙugiya. In ya gaji ku jawo shi kan yashi. Ku yi hankali da ƙayoyin bayansa da gefen marfin kunnensa mai kaifi. Tsage kuwa kada ku kusantar da yatsa bakinsa, ko da kun ga kamar ya mutu.

Da zafin nan kifi ba ya jira. Ku fasa cikinsa nan take, ku wanke, ku nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda ba za a ci ko a sayar a ranar ba, a yanyanka a sa gishiri a yi banda.

Kiyaye ruwa da kiyaye kai

Ƙugiya ma tana iya ɓarna in ba a yi hankali ba. Giwan ruwa ya kan yi shekara uku ko fiye kafin ya fara haihuwa. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka an kafa ƙa'idar kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba. Mu ma mu ɗauki ma'auni mai sauƙi: wanda bai wuce kamu ɗaya ba, a jiƙa hannu, a cire ƙugiya, a mai da shi. Da yake ƙugiya ɗaya ce kuma a leɓe ta kan kama, yawancinsu za su rayu. In damina ta zauna, rafuffuka sun kawo, yawancin kifayenmu lokacin ƙwansu ke nan. A rataye koto a ɗauki fartanya.

Kada kuma wani ya ɗebi 'ya'yan giwan ruwa ya zuba a kududdufin gari ko tafkin ƙungiya ba tare da shawarar ma'aikatan kifi ba. A shekarun 1950 ne a ka zuba shi a Tafkin Biktoriya inda da can babu shi, bayan shekaru kuwa ire-iren ƙananan kifi masu yawan gaske su ka ɓace.

Ruwa yana da masu shi. Kafin ku fara ku je ku gai da Sarkin Ruwa na wurin, ku ji inda a ka hana, ku tambayi ofishin kula da kifi ko ana bukatar takarda. Ku nisanci kallin masunta da gurarsu. Abincinsu ke nan. Kada ku matsa kusa da inda a ke sakin ruwa a madatsa, kada kuma ku shiga Dajin Falgore da sunan su, gama wuri ne da a ka keɓe. Ku tafi bibbiyu. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a tudu. In hadari ya taso ku fita, gama iskar farkon damina ta kan kife jirgi. Ku rage tsayawa cikin ruwa marar zurfi mai ciyawa, inda dodon koɗi ke yaɗa tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronku na gaba ku kawo wannan magana. Ku haɗa kuɗi ku sayi zare dami guda da ƙugiya kwali guda, ya fi arha bisa ga sayen ɗai-ɗai. Ku ba maƙeri ɗaya aikin, domin hannunsa ya faɗa. Ku zaɓi mutum biyu ko uku masu haƙuri su fara gwadawa, magatakarda kuma ya rubuta ranar, da wurin, da lokacin, da irin faifan, da abin da a ka kama, har da ranakun da a ka dawo hannu wofi. Za a yi irin waɗannan ranaku, kada su karya muku gwiwa. Bayan bazara biyu littafin nan zai koya muku abin da ba mu iya koya muku ba. Sa'an nan ku yi alkawari tsakaninku cewa ba ɗan ƙungiyar da zai zuba guba a ruwa, ko ya saya, ko ya ci kifin da a ka kashe da ita.

Ku rubuto mana abin da ku ka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kawo mana damina mai albarka.